Littafin Da Aka Ajiye A Ƙirji: Beda Da Falsafar 'Yan Hindu

Duk wanda ya tashi a zango, ko a Nima ne ko a Kumasi ko a Tamale, da wuya a ce bai taɓa kallon fim ɗin Indiya ba. Wanda ya kalla kuwa ya san wurin nan da ake zuwa ɗaurin aure: a hura wuta a tsakiyar rumfa, a ƙulle bakin mayafin amarya da na ango, su dinga zagaya wutar, ga wani dattijo zaune a gefe yana zuba mata man shanu yana karanta wasu kalmomi da sauri. Mu dai a lokacin hankalinmu yana kan ko mugun cikin fim zai iso kafin a gama zagayen. Ba wanda ya damu da abin da dattijon ke faɗi. To wannan karatu nasa shi za mu duba a wannan wata, domin wasu daga cikin baitocin da ake karantawa a irin wannan zama sun haura shekara 3,000 a duniya, kuma yawancin shekarun nan ba a takarda suka yi su ba, a ƙirjin mutane suka yi su.

Ƙidayar da aka yi a Indiya a 2011 ta nuna cewa mutum miliyan 966 ne ke bin addinin Hindu, watau kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen ƙasar. Wasunsu suna nan tare da mu, muna shiga kantunansu, wasunmu ma a wurinsu suke aiki. A unguwar Odorkor ta birnin Ankara akwai gidan ibadar Hindu wanda wani ɗan ƙasar Gana, Swami Ghanananda, ya jagoranta daga 1975 zuwa 2016, kuma yawancin masu zuwa wurin baƙar fata ne. Amma in aka tambaye mu me waɗannan mutane suka yi imani da shi, sai mu ce ai masu bautar saniya ne, mu wuce. Amsar ta yi gajarta ƙwarai ga mutanen da suka shafe dubban shekaru suna gardama a kan rai da mutuwa.

Mene ne Beda?

Kalmar Beda, wadda Turawa ke rubutawa Veda, ma'anarta ilmi ke nan a harshen Sanskirit, tsohon harshen malaman Indiya wanda yake kamar kaka ne ga harsunan Hindi da Bengali da Punjabi na yau. Beda guda huɗu ne: Rig, Sama, Yajur da Atarba. Rig Beda shi ne mafi tsufa, shi ne kuma tushen sauran. Waƙoƙin yabo 1,028 ne a cikinsa, an kasa su kashi 10, baitocinsu sun haura 10,500. Masana tarihin harsuna sun ce an tsara su ne tsakanin shekara ta 1500 da ta 1000 kafin haihuwar Annabi Isa, a yankin Punjab mai yawan koguna, wanda a yau ya rabu tsakanin Indiya da Pakistan. Su kuwa malaman addinin ba su yarda cewa wani mutum ne ya tsara su ba. A wurinsu sauti ne da ba shi da farko, wasu bayi masu zurfin gani da ake kira rishi suka ji shi suka isar. Shi ya sa suke kiran Beda shuruti, watau abin da aka ji, su kira sauran littattafan da suka biyo baya simiriti, watau abin da aka tuna. Na farkon ya fi na biyun daraja.

Wanda ya karanta fassarar Rig Beda yana neman Indiyar da ya sani a fim zai sha mamaki. Babu ɗakin bauta a ciki, babu gunki. Mutanen da suka rera waƙoƙin makiyaya ne masu ƙidaya arziki da kan shanu da dawaki, kuma abin da suke roƙo shi ne ruwan sama, da 'ya'ya maza, da nasara a kan abokan gaba, da tsawon rai na shekara ɗari. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waƙoƙin na yabon Indra ne, abin bautarsu na tsawa da yaƙi. Wajen 200 na Agni ne, watau wuta, wadda suke ɗauka a matsayin manzon da ke kai hadayarsu sama. Wutar ɗaurin auren nan ke nan. Bishnu da Shiba, waɗanda yawancin 'yan Hindu ke bauta wa a yau, ƙaramin wuri gare su a wannan tsohon littafi.

Ba duka ne kuma yabo da roƙo ba. Akwai waƙar wani ɗan caca da ke kukan yadda ya kori matarsa ta kirki da kansa, surukarsa ta tsane shi, masu bin bashi suka sa shi gaba, har daga ƙarshe aka ba shi shawara ya bar ƙwayoyin caca ya koma gona. Akwai kuma waƙar kwaɗi, inda mawaƙin ya ce sun yi shiru shekara guda, da ruwan farko ya sauka sai suka ɓarke da kuka, wannan na maimaita muryar wancan kamar ɗalibi a gaban malaminsa. Ashe tun a lokacin makarantar hadda ta riga ta kafu, har ana iya yi mata ba'a.

Sauran ukun ba za su ɗauke mu lokaci ba. Sama Beda yawancinsa baitocin Rig ne aka sa musu karin rerawa. Yajur Beda kalmomin da ake furtawa ne a kowane mataki na hadaya. Atarba Beda kuwa ya fi kusa da rayuwar gida, da addu'o'in zazzaɓi da saran maciji da neman soyayya.

Yadda ake haddar

A nan ne abin al'ajabin yake. An yi rubutu a Indiya tun da daɗewa. Rubuce-rubucen da Sarki Ashoka ya sa aka sassaƙa a jikin duwatsu a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa suna nan har yau. Amma malaman Beda, waɗanda littattafan Larabci ke kira Barahima, sun ƙi yarda a rubuta shi, suka ci gaba da ƙi har fiye da shekara dubu bayan haka. Dalilinsu shi ne ƙarfin Beda a sautinsa yake, takarda kuwa ba ta magana.

Bahaushe ya fi mutane da yawa saurin gane wannan hujja. Mu ma in muka rubuta "kuka", sai an ji muryar mai magana kafin a san ko bishiya yake nufi ko hawaye. Tsohon Sanskirit na Beda haka yake, yana da hawa da saukar murya iri uku, kuma sauya ɗaya kan sauya ma'ana. Akwai labarin da malamansu ke tsoratar da ɗalibai da shi. Wai wani abin bauta mai suna Tubashtar ya yi fushi da Indra saboda ya kashe masa ɗa, sai ya yi hadaya yana roƙon a ba shi wani ɗan da zai zama ajalin Indra. Wajen furta kalmar sai ya ɗaga murya a gaɓar farko maimakon ta ƙarshe, ma'anar ta juye ta koma wanda Indra zai zama ajalinsa. Aka haifi ɗan, ya girma, Indra ya kashe shi. Gaɓa ɗaya tak.

Saboda haka suka ƙirƙiro dabarun tsare lafazi waɗanda da wuya a sami irinsu a wani wuri. Yaro ɗan gidan Barahima kan fara ne yana ɗan shekara takwas, bayan an rataya masa zaren nan da muke gani a kafaɗunsu, kuma bisa al'ada yakan yi shekara 12 a gidan malaminsa. Da farko zai haddace baiti yadda yake a jere. Sannan ya haddace shi kalma-kalma, kowace a rarrabe. Daga nan sai a shiga abin da suke kira karama, watau taki-taki. Bari mu yi misali da Hausa don a gane. A ce baitin shi ne "yaro ya sha ruwa". A karatun karama sai ya ce: yaro ya, ya sha, sha ruwa. Kowace kalma an ɗaure ta da ta gabanta da ta bayanta. In ya ƙware a wannan sai a kai shi ga jata, wanda ma'anarsa kitso: yaro ya, ya yaro, yaro ya, ya sha, sha ya, ya sha. Gaba, baya, gaba. Mataki mafi wuya shi ne wanda suke kira gana. Sunan ya zo ɗaya da na ƙasar Gana ne kurum, ma'anarsa abu mai kauri. Ga yadda yake: yaro ya, ya yaro, yaro ya sha, sha ya yaro, yaro ya sha. Sannan a matsa gaba da kalma ɗaya a sake. Mai karatu ya tuna cewa baitoci dubbai ake bi da wannan salo, kuma a Sanskirit in kalmomi biyu suka haɗu sautin da ke tsakaninsu yakan canza, don haka kowace juyawa sabon lafazi ce. Wanda ya kai ƙarshen wannan hanya ana kiransa ganapati, kuma ko a can ba su da yawa.

Hikimar a fili take. In kalma ɗaya ta zame a karatun jere, sauran karatuttukan za su tona ta, kamar yadda ɗan kasuwa ke lissafa kuɗinsa daga sama zuwa ƙasa sannan daga ƙasa zuwa sama. Har jiki ma an sa shi cikin aikin. A jihar Kerala da ke kudancin Indiya, malamin Barahiman Nambudiri yakan dafa kan yaro, ya ɗaga shi ko ya sunkuyar da shi ko ya karkata shi gwargwadon hawa da saukar murya, har wuyan yaron ya haddace abin da kunnensa ya ji. A wasu wurare da motsin hannu ake yi. Sakamakon shi ne Rig Beda ya iso zamaninmu kusan ba tare da saɓanin lafazi ba tsakanin yankunan da ke nesa da juna. Wani masani na Jami'ar Harvard, Michael Witzel, ya kwatanta shi da kaset da aka naɗa shekara 3,000 da suka wuce.

Tsoron kada lafazi ya gurɓace shi ne kuma ya haifar musu da ilmin furuci da na nahawu. Panini, wanda ya rayu wajen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tattara nahawun Sanskirit cikin gajerun ƙa'idoji kusan 4,000, aikin da masana harshe ke jinjina wa har gobe. Sai dai abin yana da nasa aibin, kuma su da kansu sun gani. Harshe yana tafiya, Beda yana tsaye, har aka wayi gari mutum zai iya rera littafi sukutum bai san me yake faɗi ba. Wani tsohon malaminsu, Yaska, ya kwatanta irin wannan mahaddaci da ginshiƙin da ke ɗauke da kaya kawai.

Wa aka yarda ya ji?

Abin da aka ajiye a ƙirji, mai ƙirjin ne ke da ikon bayarwa ko hanawa. Wannan shi ne ɓangaren labarin da ba shi da daɗin ji, kuma bai kamata a tsallake shi ba. A kashi na 10 na Rig Beda akwai waƙar da ta ce daga jikin wani Mutum na farko aka fitar da jama'a: Barahima daga bakinsa, sarakuna da mayaƙa daga hannuwansa, manoma da 'yan kasuwa daga cinyoyinsa, masu hidima da ake kira Shudra daga ƙafafunsa. Littattafan shari'a da suka zo daga baya suka mai da wannan doka. Rukuni uku na sama ne kaɗai ke da izinin koyon Beda, kuma maza. Ɗaya daga cikin littattafan, na Gautama, ya rubuta cewa Shudran da ya saurari karatun da gangan a zuba masa narkakken ƙarfe a kunne. Ƙasa da Shudra ma akwai waɗanda ko taɓa su ba a yi.

Daga cikin waɗannan na ƙasan ne Dakta Ambedkar ya fito, wanda ya yi karatu a Amurka da Ingila amma a makarantar firamare ba a yarda ya taɓa randar ruwa da hannunsa ba. A ranar 25 ga Disamba 1927, a garin Mahad, shi da magoya bayansa suka ƙone littafin shari'ar Manu a bainar jama'a. Shi ne daga baya ya shugabanci kwamitin da ya tsara kundin tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda ya haramta ɗaukar wani ɗan ƙasa a matsayin wanda ba a taɓawa. A 1956 ya bar addinin Hindu ya koma na Buddha tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa. Doka ta canza, amma rigimar asali ba ta ƙare a Indiya ba har yau.

Daga hadaya zuwa tambaya

Tun a cikin Rig Beda akwai alamar cewa wasu ba su gamsu da zuba man shanu a wuta ba. Wata waƙa ta halitta ta yi ta tambayar me ke nan kafin samuwa da rashin samuwa, ta ƙare da cewa wataƙila mai kallo daga ƙololuwar sama ya sani, wataƙila kuma shi ma bai sani ba. Littafin addini da ke rufe zance da "wataƙila" abu ne da ba a cika gani ba.

Wannan tambaya ce ta girma ta zama littattafan Upanishad, waɗanda su ne ƙarshen Beda, shi ya sa ake kiran koyarwarsu Bedanta. Mafi tsufa a cikinsu an tsara su wajen ƙarni na 7 zuwa na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. Al'ada ta ƙidaya 108, amma manyan ba su wuce goma sha ba. Yawancinsu hira ce, tsakanin uba da ɗa, ko miji da mata, ko sarki da malami.

Ga ɗaya. Wani yaro mai suna Shibetaketu ya tafi karatu yana ɗan shekara 12, ya dawo yana da 24, ya haddace Beda, kansa ya kumbura. Mahaifinsa Uddalaka ya tambaye shi ko an koya masa abin da in an san shi an san kome. Yaro ya ce bai taɓa ji ba. Uban ya sa shi ya kawo ɗan wata bishiya 'yar'uwar cediya, ya fasa, ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga ciki ya sake fasawa. Me ka gani? Ba kome. Uban ya ce daga wannan da ba ka gani ɗin ne wannan ƙatuwar bishiya ta tsaya. Sannan ya sa shi ya zuba gishiri a ruwa ya bari ya kwana. Da safe ya ce ya ɗauko gishirin, ya lalube bai samu ba. Ya ce to kurɓa daga sama, kurɓa daga tsakiya, kurɓa daga ƙasa. Ko'ina gishiri. Darasin shi ne akwai wata haƙiƙa guda da ta game kome ba a ganinta, suna kiranta Barahman, kuma ainihin ran mutum, wanda suke kira atman, ba wani abu ba ne daban da ita. A lura, Barahman daban, Barahima masu karatu daban, ko da yake tushen kalmomin ɗaya ne.

Gwanin gardama a cikin waɗannan littattafai shi ne Yajnabalkiya. Sarki Janaka ya tara malamai ya ɗaure shanu 1,000 da zinariya a ƙahoninsu, ya ce wanda ya fi kowa ilmi ya kora. Kowa ya yi shiru, sai shi ya ce wa ɗalibinsa ya kora su gida. Da aka taso masa, ya ce shi yana girmama wanda ya fi kowa sani, shanun dai yake so. Aka yi ta jefa masa tambayoyi, kuma cikin waɗanda suka fi matsa masa har da mace, Gargi, wadda ta bi shi da tambaya a kan tambaya har ya gargaɗe ta kada kanta ya faɗi. A wannan zama ne wani ya tambaye shi alloli nawa ne. Ya ce 3,306. Aka ce a gaskiya dai nawa ne? Ya ce 33. Aka sake tambaya, ya ce shida, sannan uku, sannan biyu, sannan ɗaya da rabi, daga ƙarshe ya ce ɗaya. Wanda ke son sanin ko 'yan Hindu abin bauta ɗaya gare su ko da yawa, to ga irin amsar da zai samu, kuma su a wurinsu ba ta da karo.

A nan ne kuma aka fara bayyana aƙidar da ta zama ginshiƙin addinin: cewa mutum yana mutuwa ya sake dawowa a wani jiki, kuma aikinsa, watau karma, shi ke zaɓa masa inda zai faɗa. Lokacin da wani ya tambayi Yajnabalkiya ina mutum yake bayan jikinsa ya watse, sai ya kama hannunsa ya ja shi gefe, ya ce wannan ba zancen cikin taro ba ne. Sabon ilmi ne a lokacin. Mu kan ɗauka cewa wanda ya yarda zai sake dawowa duniya murna zai yi. Su a ganinsu wahala ce, kamar jakin da ke zagaya rijiya ba ranar hutu. Burinsu shi ne mokisha, watau kuɓuta daga zagayen gaba ɗaya.

Gita da mazhabobi

Talakan Hindu na yau bai san Rig Beda ba sai 'yan baitoci. Littafin da zai fi samu a gidansa shi ne Bagabad Gita, baiti 700 cikin babi 18, wanda yanki ne na doguwar waƙar yaƙi ta Mahabarata mai baiti wajen 100,000. Jarumi Arjuna ya tsaya a filin Kurukshetra, ya hango baffanninsa da malamansa da 'yan'uwansa a sahun abokan gaba, sai gwiwarsa ta yi sanyi ya ajiye baka. Mai tuƙa masa keken yaƙi, Kirishna, wanda a aƙidarsu Bishnu ne cikin siffar mutum, ya shiga yi masa bayani: jiki ne ke mutuwa, rai kuwa sauya jiki yake kamar mai sauya riga; aikin da ya hau kanka ka yi shi, amma kada ka ɗaura zuciyarka a kan ribarsa. Ya kuma buɗe ƙofar da Beda ya rufe, ya ce duk wanda ya miƙa wuya gare shi da ƙauna zai tsira, ko mace ce ko Shudra. Mahatma Gandhi, mai wa'azin kada a zub da jini, ya riƙi wannan littafi na filin daga a matsayin jagoransa, yana cewa yaƙin na cikin zuciya ne. Wasu 'yan gwagwarmayar zamaninsa sun karanta shi a matsayin kiran a tashi tsaye da gaske. Ambedkar kuwa ya ga kariya ce ga tsarin asali.

Mazhabobin falsafa da suka yarda da Beda shida ne, daga masu ilmin hujja da muhawara zuwa masu cewa duniya ƙananan ƙwayoyi ce, zuwa Yoga, wadda asalinta horar da zuciya ce kafin a mai da ita motsa jiki. Wadda ta fi tasiri ita ce Bedanta, ita ma ta rabu. Shankara, ɗan Kerala na wajen ƙarni na 8, ya ce Barahman kaɗai ne tabbas, bambancin da muke gani kuwa kamar igiya ce da mutum ya gani da magariba ya zaci maciji ne. In an kawo fitila tsoro ya tafi, alhali ba macijin da aka kashe. Ramanuja, wanda ya zo bayansa da ƙarni uku, ya ce a'a, rai da duniya na gaskiya ne, kamar jiki suke ga Ubangiji. Madba na ƙarni na 13 ya ce bawa daban, Ubangiji daban, har abada. An ma yi 'yan Carbaka da suka ce babu lahira, Beda kuwa hanyar cin abincin Barahima ce.

Yadda sirrin ya fita

Ɗaya daga cikin baƙin farko da suka zauna suka yi wa wannan ilmi karatun gaske Musulmi ne, Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a Khwarizm a 973. Ya koyi Sanskirit, ya fassara littafin Yoga na Patanjali zuwa Larabci, kuma wajen 1030 ya kammala littafinsa a kan Indiya, inda ya ce niyyarsa ya kawo maganar mutanen yadda take ba don ya yi musu raddi ba. Shi ya ba da labarin cewa Barahima ba su yarda a rubuta Beda, kuma ba da daɗewa ba kafin zamaninsa wani mutumin Kashmir mai suna Basukra ya rubuta shi don tsoron kada a manta.

Na biyun da za mu ambata kansa ya bayar. Dara Shiko babban ɗan Sarki Shah Jahan ne, wanda ya gina Taj Mahal, kuma ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne. Ya tara malaman Hindu daga birnin Banaras, a 1657 suka fassara Upanishad wajen 50 zuwa Farisanci. Shi a ganinsa tauhidi ne ɓoye a cikinsu, ra'ayin da malamai da yawa na zamaninsa suka ƙi. Da rikicin gadon sarauta ya tashi, ƙanensa Aurangzeb ya ci shi da yaƙi, aka zagaya da shi birnin Delhi cikin wulaƙanci, aka kashe shi a 1659. Kujera ake faɗa a kanta, amma tuhumar da aka karanta ta ridda ce. Fassarar tasa ce wani Bafaranshe, Anquetil-Duperron, ya juya zuwa Latin aka buga a 1801 da 1802, ta nan Turai ta fara sanin Upanishad. Rig Beda kuwa wani Bajamushe mazaunin Oxford, Max Müller, ya buga shi cikin juzu'i shida tsakanin 1849 da 1874, da kuɗin kamfanin Ingila da ke mulkin Indiya. Shi kansa bai taɓa taka ƙasar ba.

Yau duk mai so zai iya karanta Beda a waya, ko wane ne ubansa. Masu ɗauke da shi a ƙirji ne ke ƙarewa. A 1975, a ƙauyen Panjal na Kerala, Barahiman Nambudiri sun gudanar da wata tsohuwar hadaya ta kwana 12 a kan bagaden tubali 1,000 mai siffar tsuntsu, masanin nan Frits Staal ya ɗauki hoto da sauti don ana tsoron ita ce ta ƙarshe. Saboda ƙorafin jama'a ba a yanka awaki ba, da garin shinkafa aka musanya su. An sake yin irinta daga baya. Gwamnatin Indiya ta kafa hukumar tallafa wa makarantun hadda a 1987, wadda ke birnin Ujjain, a 2003 kuma hukumar UNESCO ta sa rera Beda cikin manyan kayan gadon ɗan Adam. A bayaninta ta ce daga cikin rassan karatu fiye da 1,000 da aka taɓa yi, 13 ne suka rage.